Fuskar Iya a Cikin Laya

Har yau ba na iya jin ƙarar yagar takarda in zauna lafiya. Jiya ma a aji wata ɗalibata ta kama falle ɗaya a littafinta ta fizge, sai na ji raina ya ɓaci kamar ni ta mara. Zane nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Rano, kuma ba shekarar da ba a samun wadda za ta tambaye ni ko ya dace mutum ya yi zane a bayan takarda in ya riga ya yi a gabanta. Malaman da suka koya mana sun ce bai dace ba. Fensir yana goguwa, tawada tana ratsawa, kuma ranar da ka so liƙa ɗaya a bango ka binne ɗayan ke nan. Duk gaskiya ne. Ni kuwa cewa nake su cike gaba su cike baya, kada su bar fari ko da faɗin tafin hannu. In kana ganin na karya ƙa'ida, ka ji dalilina tukuna.

A wani ƙauye kusa da Durba na tashi, a gidan da Baffa, yayan mahaifina, yake riƙe da shi. Baffa malami ne. Zaurensa kullum cikin warin tawadar bagaruwa yake, kuma mutane na zuwa masa neman rubutu da laya har daga Kahu da Nariya. Ban taɓa ganin mai girmama takarda irinsa ba. In ya ga guntuwa a ƙasa sai ya sunkuya ya ɗauka, ya hure ta, ya soke a jikin danga. Farar takardar da aka bari ba rubutu kuwa, a wurinsa almubazzaranci ne, kuma ba ya gajiya da faɗi.

Sai kakata, wadda kowa yake kira Iya. Ita ce ungozomar garin da rugagen da ke kewaye da mu. Rabin yaran unguwarmu ita ta yanke musu cibi. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ko lokacin da mai hoto ya zo bikin wata 'yar gidan, ɗaki ta shige ta saki asabari, tana cewa Allah ya san fuskarta, maƙwabta ma sun santa, ba ta da sauran wanda za ta nuna wa.

Ina aji biyar aka kawo mana sabon malamin zane. Shi ya ba ni littafin zane na farko a rayuwata, mai takarda mai kauri, don ya ga hannuna yana da kyau. Ya kafa mana doka guda: gefe ɗaya ake zane, baya a bar shi fari. Na riƙe dokar nan tamkar farilla. Na zana rumbu, na zana ƙwarya da ludayi, na zana duwatsun da ake hangowa ta hanyar Rano, kowanne bayansa fari tas.

Da daminar shekarar na zana Iya. Bayan la'asar, in ruwa ya ɗauke ƙasa tana ƙamshi, takan zauna a rumfa tana kaɗi, mazari na juyawa, yatsunta fari fat da alli. Ta bar ni ne don ta ɗauka wasan yara ne. Yamma uku na yi a kanta. Na sa tsagar da ke kumatunta, na sa wushiryarta, na sa idon hagun nan da yake ɗan kannewa in za ta yi dariya. Da na nuna mata sai ta riƙe takardar nesa da ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce na ba ta hancin tunkiya. Amma ta sa na ƙara nuna mata sau biyu kafin magariba. A falle na ƙarshe na yi zanen, can bayan littafin, don kada yaran ajinmu masu hannun mai su riƙa tattaɓa mini shi. Wayo nake ganin na yi.

Ana yankan gero Iya ta rasu. Kwana huɗu ta yi a kwance. Bayan an share makoki, duk gidan ba wanda yake da fuskarta sai ni. Mahaifiyata takan kira ni ɗaki ta ce in buɗe mata, ta duba, ta share ido da gefen zane, ta ce in mayar. Mahaifina bai taɓa tambaya ba, amma na taɓa kama shi yana leƙowa ta bayan kaina.

Ranar da abin ya faru, na dawo daga makaranta aka ce in kai abinci gona. Na ajiye littafin a kan tabarmar zaure na ruga. Ina fita wata Bafulatana da take kawo mana nono ta shigo da jaririyarta, jikin yarinyar zafi rau. 'Ya'ya biyu ta riga ta binne, wannan ce ta uku, ta zo Baffa ya yi mata laya. Takardar Baffa kuwa ta ƙare, sai ranar kasuwa. Ya waiga ya ga littafina.

Ka san malami ba ya buɗe littafi ta inda muke buɗewa. Daga dama yake farawa, kamar yadda ake buɗe littattafan Larabci, wato ƙarshenmu shi ne farkonsa. Ya ɗaga bangon baya, abin da ya fara gani farin shafi ne, mai kauri, mai tsabta. Ya fizge shi. Ya tsoma alƙalami ya cika shi da rubutu, ya ninke, ya naɗe da zare, ya aika wa baduku. Kafin in dawo daga gona har an ɗinke fata.

Da na buɗe na ga guntun haƙoran takarda a inda Iya take, ban san lokacin da na isa gabansa ba. Yarinya ba ta tsayawa a kan Baffa, durƙusawa take. Ni a tsaye na yi maganar.

“Baffa, Iya ce a jikin takardar nan.”

Ya ɗago ya dube ni. “Wace Iyar?”

“Zanenta. A ɗaya gefen.”

Sannan ya ce lalle da yake ninkewa ya ga wani baƙi-baƙi, ya ɗauka datti ne. Datti! Yamma uku na aikina da fuskar uwar da ta haife shi. Na tsaya ina jiran ya ce in yi haƙuri. Maimakon haka sai faɗan ya juyo kaina. Wai wa ya aike ni zana surar mutum, ga shi na sa ya haɗa ayar Allah da hoto a takarda ɗaya. Wai wane irin karatu ne wannan da ake koya wa yara su ɓata rabin takarda su bar rabi. Da na cike bayan, in ji shi, ai da bai taɓa ba. Ya rufe da cewa kada maganar ta fita daga zauren nan.

Wannan ita ce ta fi ƙona mini rai, kuma har gobe tana ƙona shi. Mutumin da yake sunkuyawa ya ɗauki guntuwar takarda a kan hanya, bai iya juya falle ɗaya ya ga abin da ke bayansa ba. Mahaifina ya ce takarda ce, za a samo mini wata. Mahaifiyata, wadda ta fi kowa kuka a ɗaki, ita ce ta toshe mini baki, ta ce ba a ja da babba. An doke ni an hana ni kuka.

Ban haƙura ba. Na sami reza na ɓoye a gefen zanen da nake ɗaure da shi. Bayan kwana uku Bafulatanar ta zo da ƙwaryar nono a ka, yarinyar a goye, zazzaɓin ya sauka. Ga layar nan a wuyanta, jar fata sabuwa, ba ta fi akwatin ashana ba. Na bi ta har bayan gari, wajen kukar da hanya ta rabu, na karya umarnin Baffa na gaya mata komai. Na ce zan farke a hankali, in duba sau ɗaya in kwafa, baduku ya mayar.

Ta sauke ƙwaryarta ta zauna a kan saiwa. Ta ce ai na sani laya in aka buɗe ta ta tashi aiki, ita kuma biyu ta binne. Na ce na sani. Ta juyo da yarinyar gabanta, ta riƙe layar a tafin hannu tana shafa ta da babban yatsa.

“Tsohuwar ce a ciki, da gaske?”

Na ce ita ce.

“Ita ta yanke wa wannan cibi, wata biyu kafin ta kwanta,” ta ce. “Ki bar mini ita, 'yar malam. Ta ci gaba da riƙon ta.”

Rezar tana jikina, ban fito da ita ba. Na koma gida ina kuka, ina jin haushin Baffa, ina jin haushin malamin zane da dokarsa, ina jin haushin kaina da wayona na falle na ƙarshe. Matar kaɗai na kasa jin haushi, kuma na so ƙwarai in ji. Da rani ya yi suka kaɗa shanunsu suka yi kudu. Ba su sake sauka a wajenmu ba.

Na sake zana Iya ya fi a ƙirga. Tsagar tana fitowa, wushiryar tana fitowa, amma in na haɗa su sai wata tsohuwa daban ta dube ni. Yanzu kowa da waya a hannu, jaririn da aka haifa da safe kafin azahar hotonsa ya kai Kano. 'Ya'yana suna tambayata kamannin Iya, sai in ce su dubi goshin kakansu su rage tsawo.

Baffa yana nan, ya tsufa, ido ya tafi. Nakan je in durƙusa in gaishe shi in ajiye masa goro. Bai taɓa tayar da maganar ba, bai taɓa cewa in yi haƙuri ba. An ce a yafe, na yafe da baki.

Shi ya sa nake duba littattafan ɗalibaina ta baya, daga dama, yadda Baffa zai buɗe. Duk farin shafin da na gani sai an cike shi kafin a tashi, ko da ganyen dalbejiya ne. Fensir ya gogu, na yarda. Gogaggen zane yana hannun mai shi.

Yarinyar nan mai layar, in tana raye, yanzu ita ma uwa ce. Ranar kasuwar Rano in na tsaya sayen nono, masu nonon suna ɗauka tsada ce take sa ni jinkiri. Ba ƙwaryar nake kallo ba, wuyansu nake dubawa.