Bukkoki Shida a Kangon Tambaya

Tambaya yayar kakana Bawa ce, kuma har ya koma ga Allah, in an ambaci sunanta sai ya girgiza kai ya ce, "Waccan mai taurin kai." Ni kuwa saboda taurin kan nan nake sonta.

A wata ruga tsakanin Bungudu da Gusau take zaune. Mijinta ya rasu ya bar ta ba ɗa ba jika, ta koma gun ƙanen nata tana kai tallar nono Gusau ran kasuwa. Lokacin ana ta jawo hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, baƙi sun fara cika garin. Leburori da masu sayen gyaɗa da auduga suna kwana a rumfunan kasuwa da gindin itatuwa. Mutanen gari ba su san hayar ɗaki ba, a zaure ake sauke baƙo don Allah. To amma zaure nawa ne a garin? Wata rana wani lebura ya sayi nono a gunta ya sha, ya ce mata da zai sami ɗakin da zai sa haƙarƙarinsa, da ya biya duk wata da murna. Maganar ba ta bar kanta ba har ta isa gida.

Tana da shanu huɗu na gadon mahaifinsu a garken Bawa. Ta ce ya ware mata su.

Bawa ya ce, "Ke Tambaya! Ki sai da shanun Baffa ki sayi laka? Saniya tana haihuwa, bango sai dai shi tsage."

Ta ce, "Nawa na, ko naka na?"

Ya ware mata, yana hawaye.

A wancan zamani ba a sayen fili, goro ake kai wa mai unguwa ya nuna maka wuri. Mai unguwa Ɗantsoho ya dubi Bafulatana da ƙwaryar nono tana neman filin gida, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya nuna mata wani fako a bayan gari, inda ko akuya ba ta tsayawa kiwo. Ya kuma gaya mata al'adar da kowa ya sani: fili na wanda ya rufa ɗaki ya hura wuta ne. In ya zama kango, hannun mai unguwa yake komawa.

A nan ne gwanar tawa ta yi kuskure, kuma ba zan ɓoye mata ba. A ruga, ɗaki da rufinsa abu ɗaya ne, kin lanƙwasa itace kin ɗaura ciyawa, kin gama. Sam ba ta san cewa a gidan ƙasa rufi wani aiki ne daban, mai cin dukiya fiye da bangon ba. Ta ce da Jibo magini ya tayar mata da ɗaki shida. Shi kuma Jibo bai ce mata komai ba, don a ganinsa wa ke gini bai tanadi azara ba? Sai da tubali ya kai inda zai kai, ya ce, "To Inna, a kawo azara mu ɗora." Ta ce, "Mi ab azara?" Ya gaya mata itacen giginya ne da ake jerawa a bi da ƙasa. Shanu huɗu kuwa sun riga sun shige bango kaf.

Damina ta sauka a kan ɗakuna shida buɗe. Tana tsaye tana kallon bangon yana narkewa, jan ruwa yana bin fako. Wallahi ko yanzu in na tuna labarin nan, sai zuciyata ta yi mini zafi.

Kafin damina ta raba tsakiya, labari ya bazu cewa tashar jirgi jifa ɗaya za ta kasance daga fakon. Wurin da aka ba ta don raha ya zama abin rububi, attajirai suna ta sintiri gidan Ɗantsoho da goro ƙwarya-ƙwarya. Ya aika aka kira ta.

Ya ce, "Inna, ba ni son zalunci. Na ba ki har ran da anka sare dawa. In na zaka ban ga ruhi da hayaƙi ba, wurin ga ya koma hannuna."

Bawa ya ji, ya tako har Gusau. Kakana ba mugu ba ne, ya ce ta taho gida, tukunyarsa ba za ta gaza mutum ɗaya ba. Ta dube shi ta ce, "Koma, Bawa. Amma ka hwaɗa ma matan ruga ina gayya."

Abin da ba ta iya ba shi ya kayar da ita, sai ta koma ga wanda ta iya tun tana 'yar ƙwailarta. Da ruwa ya ɗauke, ciyawa ta nuna, abokan tallarta suka zo da laujensu. Suka saro itacen geza, suka yanko ciyawar gamba, suka shiga cikin kangon. A tsakiyar kowane ɗaki da ya zube suka lanƙwasa itace suka ɗaura ciyawa. Kwana uku, bukka shida ta tsaya, guntun bango ya kewaye kowace yana kare ta daga iska. Mutanen gari suna wucewa suna ƙyaƙyatawa, wai an kawo ruga birni. Leburorin da suka gaji da gindin itace ba su yi dariya ba. Kafin mako ya zagayo ba sauran wurin shimfiɗa tabarma.

Ran da aka sare dawa, Ɗantsoho ya zo da wani attajiri a bayansa, har da igiyar awo. Suka tarar da hayaƙi yana tashi wuri shida, maza suna zaune a ƙofa suna cin tuwo.

Ɗantsoho ya bi bukkokin da kallo. Can ya ce, "Inna, wagga ai bukka ta, ba ɗaki ba."

Ta ce, "Cikin irinta anka haihe ni, cikin irinta Baffa ya cika. Ruhi kac ce da hayaƙi, Malam. Ɗaga kai ka duba."

Ya ga idanu sun yi masa yawa, sai ya sassauta murya. Ya ce zai ba ta wani fili da ya fi wannan girma, can gaba kaɗan, ta matsa kawai.

Ta aje muciyar da ke hannunta. "Tun ina goye, duk inda munka sauka sai a ce Hillani ku matsa gaba, mu naɗe tabarmi mu tashi. Na gama matsawa. Nan ga za a binne ni."

Attajirin ne ya fara naɗe igiyarsa, Ɗantsoho ya bi bayansa, suka bar mata wurinta. Ita kuwa da abin da baƙinta suke biya ta riƙa gyara bango tana sayen azara, shekara ɗaya ɗaki ɗaya. Ta rufe na shida da rani, ta rasu da kaka, aka binne ta a bayansa.