Ɗanmusa da Shanun Bobbo

Ɗanmusa mai gyaran agogo ne a bakin kasuwar Lafiya, amma da labari aka fi saninsa. Yakan sayi tsofaffin littattafan Turanci, ya karanta, ya zuba wa jama'a da Hausa a gindin mangwaro. Ya fi son labarin likitocin da suka yi ta'asa a yaƙin Turai, suka gudu suka ɓuya, suna sauya jinin halitta a asirce, ana farautarsu ƙasa-ƙasa.

A shekarar 1983 cutar bushiya mai kashe shanu ta shigo. Sai ga wani tsohon Bature yana yi wa shanu allurar rigakafi, yana tsaga kunnen duk wadda ya yi wa don shaida. Bobbo, makiyayin da ba ya fashin sauraro, ya tambaya:

"Malam, Baturen nan ba irin likitocin labarinka ba ne kuwa?"

Jama'a sun zuba ido, hira ta yi daɗi. Ɗanmusa ya rage murya. "Wa ya sani, Bobbo? Su ma sai sun yi wa mutum shaida tukuna."

Bobbo ya kora garkensa daji, nesa da allura. Kafin damina ta faɗi, ko maraƙi bai tsira ba.

Har furfura ta rufe kan Ɗanmusa bai ƙara ba da labari ba. Bobbo ya koma dakon doya a kasuwar. Kullum in zai wuce da kaya a ka sai ya tsaya, ba fushi a fuskarsa, ya ce, "Malam, yau ma babu labari?" Ɗanmusa yakan amsa gaisuwar ne idonsa na ƙasa.