Hitar Alhaji da Tsohon Dala Ɗari

Na haura arba'in da biyar kafin in fara riƙe fensir. Da rana ina wankin mota a Bronx, da yamma in tafi ajin yaƙi da jahilci a ƙasan wani coci a Mount Hope. Mai wurin wankin ɗan garinmu ne, Alhaji muke ce masa. A bangon ofishinsa akwai kalandar da aka ba shi kyauta, da hoton tsohon Baturen nan mai sanƙo na jikin dala ɗari, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙasar. Kowane wata da irin maganarsa. Alhaji ya riƙe tsohon nan kamar shi ya yanka masa ragon suna.

In ka makara, tsohon ya yi magana a kan sammako. In ka nemi ƙarin sabulu, ya yi magana a kan tattali. In ka yi gunaguni, Alhaji ya nuna maka ƙofa ya ce nan ƙasar 'yanci ce. Duk daga kan kujera yake wannan wa'azi, hitar ɗumama ɗaki na hura masa ƙafa, tumbinsa ya tokare tebur.

Da sanyi ya kankama, yatsuna suka tsattsage saboda ruwa. In na je aji, fensir ba ya tsayuwa a hannuna. Baƙaƙen da na wahala na koya suka koma kamar tafiyar kaza, wani lokacin har da ɗigon jini a takarda. Na ga in aka ci gaba haka, karatun ne zai tafi.

Na sami Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka mana da hita ɗaya a rumfar da muke matse tawul."

Ya ce, "Hita? Da tsufanka kana neman gata? Aiki shi ne hitar talaka. Tsohon nan da kake gani, da guminsa ya tashi."

Na koma bakin aikina, domin ban san komai a kan mutumin ba.

Malamarmu, wata dattijuwa mai haƙuri, ita ta lura da hannuna. Da na ba ta labari da guntun Turancina, ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce ai tsohon nan shi da kansa ya ƙera wani murhu na ɗumama ɗaki, ya kuma ƙi mallake fasahar, ya bar wa kowa.

Washegari na kai wa Alhaji wannan labari. Ya dubi kalandar, ya dube ni, ko kunya babu.

"To, ka gani? Shi ya ƙera nasa. Kai ma je ka ƙera naka."

Abokan aiki suka bushe da dariya, shi ma ya yi ta ƙyaƙyatawa, yana jin ya yi hikima. Na tsaya ina kallon mutumin da ya tsinci abin da zai cuci mutane kawai daga maganar da ba tasa ba. Ko haushi ban ji ba. Raini ne ya cika min ciki.

Na ƙarasa motar da ke gabana, na goge ta tas, na ce masa daga Asabar ya nemi wani.

"Za ka dawo," in ji shi.

Na sami aikin ninke kaya a wani gidan wanki. Albashin bai kai na da ba, amma wurin da ɗumi. Kafin ƙanƙara ta narke yatsuna sun warke, na koma layin da na tsaya, na ci gaba da rubutu.