Ƙwayoyin da na tarar a aljihunsa

Rana ɗaya aka gano mana hawan jini ni da maigidana, a wani ƙaramin asibiti a Tarauni, aka rubuta mana ƙwaya iri ɗaya mai sa yawan fitsari. Ni ina gida, banɗaki na kusa, ban taɓa fashin sha ba. Shi kuwa adaidaita sahu yake tuƙawa, a titi yake wuni.

Wata safiya zan wanke rigarsa, na zazzage aljihu, sai ga ƙwayoyin da nake miƙa masa kullum da koko.

Da ya dawo cin abincin rana na nuna masa.

"Malam, me ya sa?"

Ya ce, "Ke kina gida ai. In na ɗauko fasinja daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Hotoro, a ina zan tsaya? Ga alwala ba ta zama."

"In jiri ya ɗebe ka a titi fa, da 'ya'yan mutane a bayanka?"

Ya dafe ƙeyarsa da ta kwana biyu tana masa ciwo, ya ɗauki mukulli ya fita. Na tsaya a soro ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.