Motar da Ba Ta da Ƙofar Baya

In ka ga Malam Musbahu a filin nan na Al Quoz a Dubai, tabaran walda a goshi, injin yanka a hannu, ba za ka ce mutumin yana son mota ba. Wane so kuma, mutumin da sana'arsa ke nan raba mota biyu? A kawo ta da ƙafafunta huɗu, kafin la'asar ya mayar da ita gaba daban, baya daban, inji a gefe, ƙofofi a jingine. A cusa a kwantena, a kai tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, sai kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, inda za a sayar da ita gunduwa-gunduwa. Shekara ashirin da ɗoriya yana wannan aiki, daga ɗakinsu na unguwar leburori ta Sonapur zuwa fili, daga fili zuwa Sonapur. In abokan aiki suka tsokane shi da rashin tausayi, sai ya ce mahauci ba ya tambayar bijimi sunansa.

Amma fa ɗan direba ne, kuma ba kowane direba ba. Mahaifinsa, Malam Bashar, shi ke tuƙa Alhaji Sharfuddeen, attajirin fatu da ƙiraga a Fagge, a zamanin da motocin unguwar ba su kai yatsun hannu ba.

Ga yadda abin ya faru. Wani Kwara, ɗan Lebanon, zai bar gari, ya sa motarsa a kasuwa: Chevrolet ƙirar Amurka ta 1957, jiki shuɗi, rufi fari, bayanta da fikafikai biyu masu tsini, farin ƙarfe yana ɗaukar ido tun daga hanci har wutsiya. In aka sauke gilasai, babu ko ginshiƙi a tsakani, iska ta shiga nan ta fita can. Alhaji ya gani, ya rikice, ya saya ko zagaya ta bai yi ba. Sai ranar Juma'a, ya sha babbar riga da rawani, jama'a sun taru a ƙofar gida, ya nufi mazaunin maigida a baya, ya miƙa hannu, ya laluba, ya sake lalubawa. Babu ƙofa! Ƙofa biyu ce tal a motar. Mai son zama a baya sai an kifa masa kujerar gaba, ya duƙa ya kutsa kamar mai shiga akurki.

Haba, Alhaji guda, a gaban barorinsa? Ya yi gyaran murya, ya buɗe ƙofar gaba kamar dama niyyarsa ke nan, ya zauna. Kujerar kuwa doguwa ce guda ɗaya, ba rabe ba, don haka kafaɗarsa na gogar ta direbansa. Fagge ta yi mako tana dariya a ɓoye, yara suka sa wa motar suna Mai Fiffike.

To, zama wuri ɗaya ba ya barin baki a rufe. Tun Alhaji na cewa "hagu" da "dama" kawai, har ya fara ɓantaro goro ya miƙa wa Malam Bashar, har suka koma hirar damina da tsadar fata da ciwon gwiwa. Bayan mota kuma da ya zama ba mai shi, sai aka bar wa yara biyu: Kamalu ɗan Alhaji da Musbahu ɗan direba. Nan suke durƙusawa su leƙa ta gilashin baya, fikafikan nan na yanka ƙura, injin mai silinda takwas na gurnani a hankali kamar ba ya son a san ƙarfinsa. Kuma su kaɗai suka san sirrin motar. In aka je gidan mai, mai zuba mai ya yi ta zagaye yana neman bakin tanki, sai su diro a guje, kowa na son ya riga, su buɗe ɗan farin ƙarfen da ke jikin fiffiken hagu. A nan Amurkawa suka ɓoye shi.

Daɗi ba ya daɗewa. Kayan gyara suka yi wuya, Alhaji ya sayi Marsandi mai ƙofa huɗu, ya koma baya inda ya dace da shi. Goro ya tsaya, hira ta tsaya. Ba faɗa aka yi ba, kowa dai ya koma mazauninsa. Har ya rasu Malam Bashar yana cewa shekarun Mai Fiffike su ne shekarun da ya yi aiki da mutum, sauran duk da murya ya yi daga bayan ƙeya.

Yaran ma haka suka tashi. Kamalu ya zama Alhaji Kamal mai kwantenoni, Musbahu ya koyi walda. Da harka ta buɗe a Dubai, Alhaji Kamal ya yi masa biza ya kawo shi, don ɗan gida ba a yar da shi. Ba ya ƙin sa, Allah ya sani, albashi bai taɓa makara ba. Sai dai magana ta koma ta waya, ko ta gilashin jif da aka sauke rabi: "Malam Musbahu, yalla, maza a gama kafin Alhamis." Shi kuma: "To, ranka ya daɗe." Wannan "ranka ya daɗe" ɗin tana ci masa rai, bai dai taɓa gaya wa kowa ba.

Shekarar da ruwa ya mamaye Dubai, Alhaji Kamal ya sayi tarin motocin da ambaliya ta lalata, a dunƙule, ba tare da ya duba ɗaya bayan ɗaya ba. Gadon gida! Da aka sauke ta ƙarshe aka yaye tamfol, sai Malam Musbahu ya matso ya zagaya ta a hankali. Fenti ya koɗe, tsatsa ta ci ƙasanta, laka ta bushe a kujeru, amma fikafikan na nan a miƙe. Ba ita ba ce, ya sani, waccan ta daɗe da zama tukwane a Kano. 'Yar'uwarta ce dai, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ya kira Alhaji Kamal a waya. Alhaji na tsakiyar lissafi, bai ma bari ya kai aya ba. "Tsohuwar Amurka? Wa zai sayi kayanta a Ƙofar Ruwa? Cire injin, sauran a yanka a auna a kilo. Khalas, shi ke nan."

Ya ɗauki injin yanka, ya kunna, ya kai shi daf da rufin. Wallahi sai ya kasa ɗora shi. Ya kashe, ya ajiye. Ya san abin da ƙin umarni ke jawowa ga mai shekara sittin da bizarsa ke hannun wani, amma ya ji in ya raba motar nan biyu, abin da ya rage tsakaninsa da Kamalu ya yanke ke nan.

Maimakon yanka sai ya shiga gyara. Ya zubar da man da ya gauraya da ruwa, ya wanke kafireto da fetur, ya goge fulogi, ya aro batir. Injin mutanen da, ba kwamfuta ba wayo, in ka ba shi wuta da mai zai yi maka magana. Ranar Laraba da hantsi injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama.

Alhamis Alhaji Kamal ya zo da kansa, don an gaya masa kwantena ba ta cika ba. Ya fito daga bayan jif rai a ɓace.

"Malam Musbahu, me nake ji haka? Ni za ka..."

Sai idonsa ya faɗa kan motar.

"Ranka ya daɗe, zan yanka," in ji Malam Musbahu. "Amma ka shiga mu zaga filin nan sau ɗaya. Shi ke nan roƙona."

Alhaji ya yi tsaki, ya duba agogo, ya nufi motar. Ya miƙa hannu wajen ƙofar baya, ya laluba, ya sake lalubawa. Ma'aikata suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ya daɗe a tsaye hannunsa a kan ƙarfen, sannan ya buɗe ƙofar gaba ya zauna a kan busasshiyar laka da farar shaddarsa.

Suka tafi a hankali tsakanin gawarwakin motoci, kafaɗa na gogar kafaɗa. Ba su kai ƙarshen fili ba injin ya yi shaƙuwa ya mutu. Ɗan fetur ɗin da aka zuba ya ƙare.

Malam Musbahu ya fito ya ɗauko galan ɗin fetur. Kafin ya zagayo, sai ya tarar Alhaji ya riga shi. Yana tsaye a fiffiken hagu, ya buɗe ɗan farin ƙarfen nan, yana riƙe da shi, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Na riga ka," in ji shi.

"Kullum sai ka yi ƙeta, Kamalu," in ji Malam Musbahu. Sunan ya fita kafin ya kama shi, rabon da ya faɗe shi tun suna da gajeren wando.

Kwantena ta tafi Jebel Ali a ranar da gibi a cikinta. Da direban jif ya buɗe wa Alhaji ƙofar baya, sai Alhaji ya ɗaga masa hannu ya ce ya jira tukuna. Ya laluba aljihu, ya fito da goro, ya ɓantara biyu.

"Zuba man, Musbahu," ya ce. "Ba mu gama zagayen ba."