Iska a Cikin Birki

Dogo direba ya ƙare aikinsa ne a wani kamfanin haƙar rijiya, yana kai ma'aikata da bututu wuraren da kwalta ba ta kai ba. Da ya ajiye aiki, kamfanin ya yi gwanjon tsofaffin motoci, sai ya sayi jif ɗin da ya saba ja. Mota ce mai dogayen ƙafafu, fentinta ya koɗe, ƙofar baya kuma da igiya ake ɗaure ta. Tun da ta shigo hannunsa bakanike bai taɓa ganin cikinta ba. Shi ke juye mata baƙin mai, shi ke wanke filogi da kafireto, shi ke liƙe lagireto in ya fara yoyo. Sifanoninsa suna rataye a bangon rumfa, kowace a kan ƙusarta, daga ƙarama zuwa babba.

Tela maƙwabcinsa yakan leƙo ta katanga ya ce, "Dogo, motar nan fa ta girmi 'ya'yanka."

"Ta girme su, ta kuma fi su jin magana."

Motar tana da aiki guda da babu mai yi sai ita. Surukar Dogo tsohuwa ce, tana zaune bayan wani tudu mai gangara da rafi, inda ƙananan motoci ba sa shiga da damina. Duk ƙarshen wata shi da matarsa suke kai mata maganin hawan jini da kayan masarufi.

A duk gyaran motar, abu ɗaya ne mutum ba ya yi shi kaɗai, wato fitar da iska daga birki. Dole wani ya zauna a kujerar direba yana famfa birkin da ƙafa, ya danne ya riƙe, wani kuma yana kwance a ƙasa yana kwance ɗan noti a bayan taya don man ya fito da kumfa. Matarsa ce mai zama a sama. Ba ta iya tuƙi ba, ba ta kuma taɓa cewa tana so ta koya ba, amma ta san birkin motar nan. Sun daɗe da daina magana a kan aikin. In ya buga sifana a ƙarfe sau ɗaya ta danne, in ya buga biyu ta saki.

Matar ta rasu farkon damina, bayan gajeriyar jinya. Dogo bai canja komai ba. Yana tashi lokacin da ya saba, yana cin abin da aka kawo masa, yana amsa gaisuwa. Da safe ya tayar da motar, ya bar injin ya yi ɗumi, ya kashe, ya zauna a ciki har rana ta kai bakin rumfa.

Ana haka ƙanen matarsa ya kira shi a waya. Maganin tsohuwa ya kusa ƙarewa, rafi ya cika, masu babur sun daina tsallakawa. Dogo ya ce to. Ya shiga mota, ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka soso. Da wannan birkin ba a sauka waccan gangara.

Ya gano robar birkin da ta tsage a tayar baya, ya sayo sabuwa ya ɗaura. Saura iska. Tela ya ce ko ya zo ya taka masa, Dogo ya ce a'a, ƙaramin abu ne. Ya nemo sanda ya tokare birkin da kujera, ya shiga ƙasa, sandar ta zame. Ya fito ya gyara, ta sake zamewa. Yana cikin haka Auta, ƙaramar 'yarsa, ta shigo da kwanon abinci daga gidan mijinta.

"Baba, dukan motar za ka yi da sandar nan?"

"Birki nake gyarawa."

"Sanda ce za ta taka maka? Ga ni da ƙafa biyu a banza."

Ya dubi kujerar, ya dube ta. Ya ce ta cire takalmi kada ya zame.

Ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashin motar, ya sa sifana a kan notin, ya buga ƙarfe sau ɗaya. Shiru. Ya sake bugawa.

"Baba, wani abu ne ya faɗo maka?"

Ya ce, "Ba komai. In na ce taka, ki famfa ki danne. Kada ki ɗaga sai na ce saki."

"Haka Umma take yi?"

"Haka."

Da farko takan saki da wuri, iskar ta koma. Daga baya ƙafarta ta gane. Man yana tsirtowa cikin kwalba da kumfa, kumfar tana raguwa. Suka gama tayar baya, suka koma ɗayar. Taka, riƙe, saki. Can sai notin ya yi tari, ya hura iska zalla, babu ko ɗigon mai.

"Baba, ya koma laushi. Ya fi ɗazu ma."

Dogo ya fito ya buɗe bonet. Ɗan kofin da ake zuba man birki ya bushe ƙaf. Ya tsaya yana kallonsa. Ya san dole a riƙa ƙara mai ana cikin aikin, shi da kansa ya koya wa matarsa haka tun farkon sayen motar. Tun daga lokacin bai sake tuna kofin ba. Yana ƙasa yakan ji motar ta ɗan girgiza, ƙofa ta yi ƙara, ya ɗauka gyara zama take yi, ashe sauka take yi ta ƙara man.

"Ni na ɓata?" in ji Auta.

"Ba ke ba ce. Ni ban gaya miki ba."

Yanzu iska ta shiga ko'ina, sai an sake daga farko. Ragowar man da ke cikin gora ba zai isa ba. Ya wanke hannu da omo, ya taka zuwa shagon kayan mota na bakin titi. Mai shago ya ce, "Tsohuwar motar ta sake jin ƙishirwa ke nan?" Dogo ya karɓi gorar ya juyo.

Ya tarar Auta ba ta sauka daga kujerar ba. Ya nuna mata kofin da layin da bai kamata mai ya sauka ƙasa da shi ba. Ya ce duk in sun gama taya ɗaya ta sauko ta duba, ko bai ce ba.

"Ashe aikin sama ya fi na ƙasa yawa," ta ce. "Kai kwanciyarka kawai kake yi."

"Shiga ki taka."

Suka bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Abincin ya huce a kan benci. Hadari ya haɗu ya watse bai zubar ba. A taya ta ƙarshe man ya fito garau. Ya ɗaure notin, ya goge wurin da tsumma, ya duba ko akwai yoyo.

"Ya yi tauri, Baba. Ƙafata har rawa take."

Ya karɓi kujerar, ya fitar da motar layi, ya ɗan ba ta wuta, ya taka. Ta tsaya cak, har kwanon noti ya kife a baya. Ya sake gwadawa a gaban shagon tela. Tela ya ɗaga almakashi ya gaishe shi.

Da ya dawo, Auta ta ce za ta gaya wa mijinta gobe tare za su je wurin Kaka. Dogo ya ce hanyar ba ta da daɗi, za ta sha jijjiga. Ta ce ta ji. Ya ce to, ta zo da wuri, kafin ruwa ya sauko, kuma ta biya kemis ta karɓo maganin, mai farin kwali, ba mai ja ba.