Jar Dawar Inna Hapsatu

Garinmu, Rugar Dabo, ɗan ƙauye ne can bayan Surko, ko kasuwa ba mu da ita. Ruga kam suna kawai ya rage mana. Dabo makiyayi ne da annoba ta ƙarar wa shanu a nan, ya rasa abin korawa gaba, sai ya zauna. Wata mata a Surko ta tausaya masa, ta ba shi zangarniyar jar dawa guda. Ita ya shuka, daga ita aka yi gari.

Inna Hapsatu jikarsa ce, kuma ita kaɗai ta rage tana noma wannan dawa. Mu duk mun koma riɗi da sabon iri mai saurin nuna. Dawar Dabo ba ta sauri, tuwonta kuma ja ne, yara ba sa so. Inna ko a jikinta. 'Yar tsohuwa ce mai faɗa, ba ta bari ka kai ƙarshen magana. Duk yarinyar da za a kai gidan miji sai ta cusa mata zangarniya a kayan ɗaki, ko uwar amarya na so ko ba ta so. Mun sha tsokanarta, mu ce Inna ta kawo gudummawa mai tsada.

Bara ruwa ya yi yawa, ya kwanta a gonarta har dawar ta ruɓe, rumbunta ya rufta da ragowar irin. Ban taɓa ganin Inna ta yi shiru ba sai lokacin, wallahi ta ba ni tausayi. Ta ce mini kakanta ya riƙe dawar nan ba shi da ko akuya, ga shi a hannunta ta ƙare.

Ban san wanda ya kai labari ba. Gab da shuka sai ga Zahara'u, wadda aka aurar Gwaram tun tuni, ta sauko daga babur da ƙullin jar dawa a hannu. Ta ce duk damina takan shuka ta a bayan ɗaki, don maigidanta ya saba da tuwon. Murja ma, da aka aurar Unguwar Ya, ta aiko da nata.

Inna ta kwance ƙullin, ta tauna ƙwaya ɗaya. Sannan ta ɗago ta dubi Zahara'u.

"Ita ce. Amma kin bari ƙwari sun taɓa ta, 'yar nan. Ba a toka na ce ki riƙa ajiyewa ba?"

Tana faɗan, hawaye na gangaro mata, ta ƙi sakin hannun Zahara'u.